Bear Bryant

Paul William Bryant, wanda aka fi sani da Bear Bryant (11 ga Satumba, 1913 – 26 ga Janairu, 1983), ɗan wasa ne kuma mai horar da 'yan wasan ƙwallon ƙafar Amurka a matakin jami'a. Ya yi shekara 38 yana riƙe da muƙamin babban koci a jami'o'i huɗu, wato Maryland da Kentucky da Texas A&M da Alabama, inda ya ci wasa 323, aka doke shi sau 85, ya yi kunnen doki sau 17. A Jami'ar Alabama ya fi daɗewa, daga 1958 zuwa 1982, kuma a can ya lashe kambun jami'o'in ƙasar sau shida. Ban da yawan nasarori, ana tunawa da shi wajen ido da yake da shi na gane yaron da zai yi jagorancin wasa tun yana makarantar sakandare, da kuma wuraren da wannan ido ya gaza.

Wasan da matsayin kwatabak

Ƙwallon ƙafar Amurka ba ita ce tamaula da aka saba da ita ba. Ta fi kama da zari-ruga: mutum 11 ne a kowane ɓangare, ana riƙe ƙwallon da hannu, ana gudu da ita ko a jefa ta gaba har a kai ta ƙarshen filin abokan karawa. Wanda ke karɓar ƙwallon a farkon kowane hari, ya faɗa wa sauran dabarar da za a bi, sannan ya zaɓi ko ya jefa, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa, shi ake kira kwatabak. Sunan ya samo asali ne daga wurin tsayuwarsa a tsohon tsarin jeri, ɗan nesa kaɗan da layin gaba. A Amurka jami'o'i ne ke zawarcin irin waɗannan yara tun suna sakandare, su ba su gurbin karatu kyauta, daga baya ƙungiyoyin ƙwararru na NFL su zaɓa daga cikinsu. Saboda haka kocin jami'a yana yin caca ne a kan yaro ɗan shekara 17 ko 18, wanda jikinsa da hankalinsa ba su gama nuna ba.

Farkon rayuwa

An haifi Bryant a Moro Bottom, wani ƙauye kusa da garin Fordyce a jihar Arkansas. Shi ne na 11 cikin 'ya'ya 12 na Wilson Monroe Bryant da Ida Kilgore Bryant. Gidan na talakawan manoma ne, mahaifin kuma ba shi da cikakkiyar lafiya, don haka yaron ya taso yana bin mahaifiyarsa a amalanke suna tallan kayan lambu a cikin gari.

Laƙabinsa sunan wata dabbar dawa ce, beyar, wadda babu ita a ƙasar Hausa, shi ya sa ma sunan nata aro ne a harshen. Yana da kimanin shekara 13 wani mai yawo da dabbar ya zo gidan kallo na Fordyce, ya yi alkawarin dala ɗaya a kan kowane minti ga duk wanda ya iya kokawa da ita. Bryant ya shiga, dabbar ta cije shi a kunne, mai ita kuma ya bar gari ba tare da ya biya shi ko sisi ba. Sunan ne kawai ya rage masa, ya bi shi har kabari.

Ya buga wa makarantar sakandaren Fordyce, wadda ta zama zakarar jihar a 1930. Jami'ar Alabama ta ba shi gurbi a 1931, amma da yake bai kammala sharuɗɗan shaidar sakandare ba, sai da ya shiga wata makaranta a Tuscaloosa ya cike giɓin yana atisaye da ƙungiyar jami'ar. Ya buga daga 1933 zuwa 1935 a matsayin ɗan gefe. A ɗaya gefen akwai Don Hutson, wanda ya fi shi suna nesa ba kusa ba. Tare suka doke Stanford da ci 29 da 13 a wasan Rose Bowl na ranar 1 ga Janairu, 1935. A wannan shekarar ya buga wasa da Tennessee da karyayyen ƙashi a ƙafa, labarin da ya riƙa binsa duk inda ya je, kuma wanda ke nuna irin abin da shi ma daga baya ya riƙa nema a wurin yara. Ya auri Mary Harmon Black a 1935, suka haifi 'ya'ya biyu.

Maryland da Kentucky

Bayan ya yi mataimakin koci a Alabama da Vanderbilt, ya kuma yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama babban koci a Maryland a 1945. Shekara ɗaya kawai ya yi. Shugaban jami'ar ya mayar da wani ɗan wasa da Bryant ya dakatar, shi kuwa ya tattara nasa ya nasa ya koma Kentucky.

A Kentucky ya tarar da George Blanda, ɗan jihar Pennsylvania, wanda daga baya ya yi kaka 26 a wasan ƙwararru har ya kai shekara 48 yana bugawa. Wanda Bryant ya ɗauko da kansa shi ne Vito Parilli, da ake kira Babe, daga garin Rochester na yammacin Pennsylvania. A sakandare Parilli mai kutsawa da ƙwallo ne, ba mai jefawa ba. Bryant ya dubi saurin hannunsa da iya ɓoye ƙwallo, ya mayar da shi kwatabak. Da shi Kentucky ta ci kofin rukunin jami'o'in kudu maso gabas, wato SEC, a 1950, sannan ta doke Oklahoma da ci 13 da 7 a Sugar Bowl, ta katse mata jerin nasara 31. Duk da haka ƙwallon kwando ce sarauniya a Kentucky, a ƙarƙashin Adolph Rupp, kuma Bryant ba mutum ba ne da ke son zama a inuwar wani. Ya bar jami'ar bayan kakar 1953.

Texas A&M da batun Ken Hall

A watan Satumba na 1954 ya kwashi sababbin 'yan wasansa zuwa Junction, wani gari da fari ya ƙone a jihar Texas, ya yi musu atisaye na kwana goma cikin tsananin zafi, ba a ba su ruwa a lokacin horo. Yawancinsu suka gudu, wasu cikin dare. Kimanin 35 ne suka rage. A wannan kaka wasa ɗaya ya ci cikin goma, kuma ita ce kaɗai kakar da rashin nasararsa ya fi nasara yawa a duk rayuwar aikinsa. Bayan shekara biyu, a 1956, ƙungiyar ta ci kofin rukuninta ba a doke ta ko sau ɗaya ba, sai dai an hana ta wasan Cotton Bowl saboda hukuncin da aka yanke wa jami'ar kan karya dokar zawarcin yara, inda masu goyon bayanta suka ba wasu kuɗi. A 1957 ɗan wasansa John David Crow ya ci kyautar Heisman, shi ne kaɗai ya ci ta a hannun Bryant.

A nan ne kuma ya yi asarar da ya daɗe yana jin zafinta. Ken Hall, daga garin Sugar Land, ya yi gudun yadi 11,232 da ƙwallo a shekarunsa huɗu na sakandare, adadin da ba a karya ba a faɗin Amurka sai a 2012, lokacin da Derrick Henry ya wuce shi. A makarantarsu Hall ne ginshiƙin hari, ƙwallo na zuwa hannunsa kai tsaye, ya yi abin da ya ga dama. A wancan zamani doka ta taƙaita sauyin 'yan wasa, mutum ɗaya ke kai hari ya kuma tsare gida. Bryant ya canja masa matsayi, ya dage sai ya iya tsaron gida kafin ya samu wuri, yana yi masa tsawa irin wadda yake yi wa kowa. Hall yaro ne mai sanyin hali wanda tsawa ba ta motsa shi, sai ya bar ƙungiyar. Daga baya Bryant ya amsa a fili cewa laifin nasa ne, ya ce bai san yadda zai bi da yaron ba. Labarin Hall yana cikin waɗanda ake kawowa idan ana bayanin cewa alƙaluman sakandare ba sa wadatarwa, dole a duba tsarin da yaro ya saba da shi da kuma wanda za a saka shi a ciki.

Alabama: yadda yake zaɓar kwatabak

Lokacin da ya koma Alabama a 1958, ƙungiyar wasa huɗu kacal ta ci a shekara uku da suka gabata. Ya kwatanta komawar tasa da amsa kiran uwa.

A wancan lokaci babu shafukan intanet da ke raba wa yara taurari, waɗannan sun zo ne shekaru bayan mutuwarsa. Abin da ake da shi shi ne fim ɗin wasa mai dishi-dishi, da maganar kocin sakandare, da rahoton tsofaffin ɗalibai, da mataimakan koci da ake raba wa yankuna su yi ta yawo a mota daren Juma'a, daren da makarantu ke wasa. Jami'a na iya ɗaukar yara da yawa, domin hukumar NCAA ba ta ƙayyade yawan gurabe ba sai a 1973. Tun da a ƙananan makarantu yaron da ya fi kowa iya wasa shi ake ba kwatabak, Bryant yakan ɗauki da dama daga cikinsu, ya bar ɗaya ko biyu a matsayin, sauran ya rarraba su wasu wurare. Sabon ɗalibi kuma ba ya buga wa babbar ƙungiya a shekararsa ta farko, dokar da ba a ɗage ba sai 1972, wanda hakan ya ba shi shekara guda ta nazarin halin yaro kafin ya damƙa masa ragama.

Na farko da ya dogara da shi shi ne Pat Trammell daga Scottsboro. Bryant da kansa ya ce baiwar Trammell ta jifa da gudu ba wata mai yawa ba ce, amma bai taɓa samun jagora kamarsa ba. Da shi Alabama ta ci duk wasanninta 11 a 1961, maki 25 kawai aka zura mata a kakar baki ɗaya, ta ɗauki kambun ƙasa. Trammell ya zama likita, ya mutu da cutar daji a 1968 yana da shekara 28.

Wanda ya gaje shi kishiyarsa ne ta kowace fuska. Joe Namath ɗan Beaver Falls ne a Pennsylvania, yankin masana'antun ƙarfe, ba nisa da garin su Parilli. Ya jagoranci makarantarsu a kakar 1960 ba a doke ta ba, kuma ƙungiyoyin ƙwararru na wasan besbol sun yi masa tayin kuɗi. Niyyarsa Maryland, amma makinsa na jarrabawar shiga jami'a ya gaza da kaɗan. Da labarin ya iso Tuscaloosa a watan Agusta na 1961, Bryant ya tura mataimakinsa Howard Schnellenberger ya je har gida ya taho da shi. Bryant yana da wata hasumiya a filin atisaye inda yake tsayawa shi kaɗai yana kallon kowa, ba a saba ganin ɗan wasa ya hau ba. Ranar da Namath ya iso aka ce ya hau. Namath ya sha ba da labari cewa kusan bai fahimci komai ba cikin abin da kocin ya faɗa masa, domin karin Ingilishin ƙauyen Arkansas ya yi nisa da na arewa, ga muryar mutumin can ƙasa-ƙasa.

Namath yana da duk abin da ake nema a ido: saurin sakin ƙwallo, ƙarfin hannu, da ƙafa mai sauri kafin gwiwarsa ta samu rauni a 1964. A kaka uku Alabama ta ci wasa 29, ta faɗi huɗu. Amma a watan Disamba na 1963 ya karya dokar ƙungiya ta hana shan giya, Bryant kuma ya dakatar da shi daga wasa biyu na ƙarshe, har da Sugar Bowl. Wannan ba ƙaramin hukunci ba ne, domin madadinsa, Steve Sloan, bai goge ba. Alabama ta ci Mississippi 12 da 7 ba tare da ta kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba, duk makin da bugun ƙafa aka samu. Namath ya dawo ya jagoranci kambun 1964, ya sa hannu da New York Jets a kan dala 427,000, ya ci Super Bowl a Janairun 1969. Madadinsa a wannan wasa shi ne Parilli. Bryant ya ce a cikin duk waɗanda ya horar babu wanda ya kai Namath baiwar wasa.

Sloan ya ɗauki kambun 1965. Bayansa sai Ken Stabler, bahago daga garin Foley, wanda makarantarsu ta ci wasa 29 ta faɗi ɗaya a zamaninsa. Shi ma an dakatar da shi a 1967 saboda ƙin shiga aji da yawon dare, shi ma ya dawo. A 1966 ya ci duk wasa 11, amma masu jefa ƙuri'a suka sa Alabama ta uku, bayan Notre Dame da Michigan State. Stabler ya ci Super Bowl da Oakland Raiders a 1977. Idan aka jera Trammell da Namath da Stabler, da wuya a samu siffar jiki ko salon wasa da ya haɗa su. Abin da ya haɗa su shi ne sauran yara na bin su, kuma ba sa rikicewa idan wasa ya yi zafi.

Bayan kaka biyu marasa armashi a 1969 da 1970, Bryant ya sauya tsari gaba ɗaya. A bazarar 1971 ya je wurin abokinsa Darrell Royal na Jami'ar Texas ya koyo tsarin da ake kira wishbon, inda masu gudu uku ke jeruwa bayan kwatabak kamar harafin Y. A wannan tsari ba a buƙatar dogon jifa sosai. Ana buƙatar yaro mai gudu, mai jure duka, wanda cikin ƙiftawar ido zai karanta motsin mai tsaron gida ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya miƙa, ya riƙe, ko ya wurga gefe. An ɓoye shirin har ranar wasan farko, inda Terry Davis ya jagoranci doke Southern California 17 da 10 a Los Angeles. Daga nan irin yaran da mataimakansa ke nema a sakandare ya canja. A shekarun 1970 Alabama ta ci wasa 103, da kambun 1973 da 1978 da 1979.

Wariyar launin fata

Babban giɓin da ke cikin tarihin zaɓen Bryant ba na ido ba ne, na zamani da siyasa ne, kuma shi ma yana da nasa kason. A ranar 11 ga Yuni, 1963 gwamnan jihar, George Wallace, ya tsaya a ƙofar wani ɗakin taro na jami'ar don hana Vivian Malone da James Hood, ɗalibai baƙar fata, yin rajista. An shigar da su, amma ƙungiyar ƙwallon ta ci gaba da zama ta farare zalla har ƙarshen shekarun 1960, alhali Kentucky ta saka Nate Northington a fili tun 1967. A 1969 ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta jami'ar ta kai Bryant kotu kan batun. Wilbur Jackson ne baƙar fata na farko da aka ba gurbin karatu na wasan, John Mitchell kuma shi ne na farko da ya buga, a 1971. Ana yawan danganta sauyin da kashin da Southern California, mai 'yan wasa baƙar fata irin su Sam Cunningham, ta ba Alabama da ci 42 da 21 a Birmingham a Satumban 1970. Gaskiyar ita ce Jackson ya riga ya sa hannu kafin wannan wasa.

Ko bayan an buɗe ƙofa, matsayin kwatabak ya ci gaba da zama a kulle, saboda tsohuwar fahimtar wariya da ke cewa jagoranci da tunani na farare ne. Condredge Holloway, daga makarantar Lee a Huntsville cikin jihar Alabama, yana cikin fitattun yaran 1971, har ƙungiyar besbol ta Montreal Expos ta zaɓe shi na huɗu a faɗin ƙasa. Mahaifiyarsa ta dage sai ya yi jami'a. A cewar Holloway, Bryant ya gaya masa kai tsaye cewa yana son sa, amma jihar ba ta shirya ganin baƙar fata a wannan matsayi ba. Holloway ya ce ya girmama shi da bai yaudare shi ba, amma ya wuce Tennessee, wurin Bill Battle, tsohon ɗan wasan Bryant. A 1972 ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe matsayin a rukunin SEC, daga baya kuma ya zama gwarzon ɗan wasan gasar Kanada a 1982. Yaro mai gudu da saurin tunani irinsa shi ne daidai abin da tsarin wishbon ke buƙata. Masu kare Bryant na cewa ya jira lokacin da jama'a za su karɓa ne. Masu sukarsa na cewa babu wani mutum a jihar, har da gwamna, da ya kai shi farin jini, don haka da ya so da ya ja jama'ar tun da wuri. Sai a shekarunsa na ƙarshe ya damƙa matsayin ga Walter Lewis daga Brewton, wanda ya zo a 1980.

Ritaya da mutuwa

A ranar 28 ga Nuwamba, 1981 Alabama ta doke Auburn 28 da 17, nasararsa ta 315, wadda ta sa ya wuce Amos Alonzo Stagg. Lafiyarsa ta riga ta raunana, ga taba da giya da ya daɗe yana sha. Ya sanar da ajiye aiki a ƙarshen kakar 1982. Wasansa na ƙarshe shi ne Liberty Bowl a Memphis, ranar 29 ga Disamba, inda Alabama ta ci Illinois 21 da 15, Walter Lewis na jan ragamar hari. Bayan kwana 28 ya mutu sakamakon bugun zuciya a wani asibiti a Tuscaloosa, yana da shekara 69. An binne shi a maƙabartar Elmwood da ke Birmingham, dubban mutane suka jeru a bakin hanya tsakanin garuruwan biyu.

Shugaba Ronald Reagan ya ba shi lambar 'yanci ta shugaban ƙasa bayan mutuwarsa. Eddie Robinson na Jami'ar Grambling, wadda ta baƙar fata ce, ya wuce adadin nasarorinsa a 1985, Joe Paterno kuma ya wuce shi a rukunin manyan jami'o'i a 2001. Nick Saban ya kamo shi a yawan kambu shida a Alabama. Tun 1975 filin wasan jami'ar ke ɗauke da sunansa, Bryant-Denny, kuma har yanzu magoya baya na zuwa kallo sanye da irin malafarsa mai ɗigon baƙi da fari. Akwai gidan tarihi da aka buɗe da sunansa a harabar jami'ar a 1988.